Me Ya Sa Dokina Yake Zabura Duk Ranar Da Ake Iska?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da ingarma, akawal, ɗan shekara 6, na saye shi a kasuwar Maigatari shekara biyu da suka wuce. Doki ne mai hankali, har ɗana ɗan shekara 12 yakan hau shi. Amma tunda hunturu ya shigo, duk ranar da ake iska sai ya zama kamar ba shi ba: kunnuwa a tsaye, huci, rawar ƙafa, ko leda ya gani sai ya zabura. Makon jiya saura ƙiris ya kayar da ni a bakin titi. A majalisarmu ta masu dawaki wasu sun ce ƙoshi ne, wasu sun ce raini ne a ba shi bulala, mai kula da shi kuma ya ce wani abu yake gani wanda mu ba ma gani. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara kiyayewa, ya tsare gaba. Kafin komai, ranar da ake iska kada yaron nan ya hau dokin, har sai an yi gyaran da zan zayyana maka. Sauran bayanin zai iya jira, wannan kam a fara shi daga yau.

Dokinka bai canza hali ba, kuma bai raina ka ba. A cikin maganganu ukun da aka yi a majalisarku, masu cewa ƙoshi ne sun kama rabin gaskiya. Masu cewa a ba shi bulala sun yi kuskure, irin kuskuren da ya karya mutane da dama. Shi kuwa mai kula da shi, maganarsa ta fi kusa da gaskiya fiye da yadda kuke zato, domin a nan cikin sararin da muke takawa doki yana ji, yana gani, yana shaƙar abubuwa masu yawa waɗanda mahayinsa bai san da su ba.

Doki dabba ce ta fili, mai zama cikin garke, kuma a daji shi ake farauta. Ba shi da ƙaho, ba shi da fiƙa irin ta namun daji, makaminsa na farko ƙafa ce. Wanda ya tsaya bincike idan ciyawa ta motsa, shi namun daji ke cinyewa. Wanda ya fara gudu sannan ya waiwayo shi ke rayuwa ya haihu. Dubban shekarun da ya yi a hannun ɗan Adam ba su cire masa wannan ba. Masu gadinsa uku ne: kunne, hanci da ido. In ukun sun ce lafiya lau, sai ka ga ya sauke kai, ya saki leɓe, ya ɗage ƙafar baya guda yana gyangyaɗi. Iska kuma waɗannan ukun take ruɗawa a lokaci guda.

Ɗauki kunne. Kowane kunnen doki yana juyawa shi kaɗai, kusan digiri 180, ɗaya yana sauraren gaba ɗaya yana sauraren baya. Kunnen mutum iyakarsa sautin da ke kaɗawa sau 20,000 a daƙiƙa, na doki kuwa yana kaiwa wajen 33,000. Wato siririn feɗuwar iska a jikin wayar lantarki, da ƙugin kwanon rufin da ƙusarsa ta saki, da ƙarar leda a kan ƙaya, duk yana jin su fiye da kai. Sai dai duk da kaifin jin nan, doki ba gwani ba ne wajen gane takamaiman inda gajeriyar ƙara ta fito. Mutum da kyanwa sun fi shi a nan. Ranar da babu iska yana da lokacin juya kunne ya tantance. Ranar iska kuwa, ita kanta tana huri a cikin kunnensa, ta rufe masa takun abin da ke tahowa, ta kuma kwaso masa ƙarar nesa ta jefa masa kamar a bayansa take. Sai ya zama mai gadin da aka kashe wa fitila: ba ɓarawo ya gani ba, amma ba zai iya rantsuwa babu ɓarawo ba. Muryarka ma da ya saba samun natsuwa da ita, iskar ta tafi da rabinta.

Hanci ma haka ne. Iska tana kawo masa warin da ke nesa, na kare, na hayaƙin bola, na mahauta, sannan ta hana shi jin komai daga ɗaya ɓangaren. Tunda naka ingarma ne, ƙara da wannan: in akwai goɗiya mai neman namiji a unguwar da iska ke fitowa, ya san da ita kai ba ka sani ba. Sau da yawa haniniya da rawar ƙafar da ake ɗora wa tsoro, daga nan suke.

Ido ne babban al'amari. Idanun doki a gefen kai suke, yana ganin kusan digiri 350 na abin da ke kewaye da shi, ban da ɗan wuri a daidai goshinsa da kuma bayan wutsiyarsa. Amma wurin da idanu biyun suke haɗuwa su auna nisa da siffar abu sosai ɗan kaɗan ne, wajen digiri 60 a gabansa. Duk sauran da ido ɗaya yake gani, kuma wannan ganin na gefe gwani ne wajen kama motsi, ba wajen tantance mene ne ya motsa ba. To ka duba hanyar da kuke bi ranar iska. Baƙar leda tana birgima a ƙasa tana tahowa, ta tsaya, ta sake zabura, daidai yadda dabbar farauta ke sanɗa. Tampol ɗin mai shayi yana faifaya. Tutoci da allunan talla suna kaɗawa. Shanyar tufafi a kan katanga, busasshen kara, ƙofar langa-langa tana buɗewa tana rufewa. Wurin da ya wuce sau ɗari lafiya, yau komai a cikinsa rai gare shi. Sannan akwai wanda mahaya ba su cika lura da shi ba: kayan jikinsu. Babbar riga in iska ta cika ta, ta tashi ta daki kuturin doki, a daidai gefen idon da ba ya tantancewa take yin haka, kuma duk gudun da ya yi tana biye da shi. Haka jelar rawani, haka jalalar da ba a ɗaure da kyau ba. Iska na wahalar da mai kayan kara, in ji Hausawa. Mai babbar riga a kan doki ma tana wahalar da shi.

Hunturu yana da nasa ƙari. Iskar tana busowa ne daga arewa maso gabas, daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, kuma kaso mai yawa na ƙurar da take kawo mana daga kwarin Bodele ne a arewacin Chadi. Ƙurar tana shiga ido ta sa hawaye da ƙaiƙayi, tana shiga hanci, shi kuwa doki da hanci kaɗai yake numfashi, ba ya iya yi da baki. Hazo yana rage masa nisan gani, abu ba ya bayyana sai ya matso. Bushewar iska tana tara ɗan lantarkin nan da ke tsinkar mutum in ya taɓa ƙofar mota ko bargo. Doki ma yana samunsa a wajen shafa ko ɗora zubka, sai ka ga ya zabura ba dalili. Ga kuma sanyi. A Kano cikin Janairu asuba takan sauko wajen digiri 13, rana ta kai 30. Dokin da zafin bazara ke kashe wa jiki, a sanyin safiyar hunturu jikinsa sakayau yake, ƙarfinsa duka yana nan, yana son motsi ko don ya ji ɗumi. Wani tsallen ba tsoro ba ne, nishaɗi ne, kuma gane bambancin yana da amfani: mai nishaɗi yakan lanƙwasa wuya ya ɗaga wutsiya yana wasa da kai, mai tsoro kuwa kansa sama, wuyansa a sandare, farin idonsa a waje, yana huci mai ƙarfi, wani lokaci yana kashi kaɗan-kaɗan.

Duk da haka, iska ɗaya ce ke kaɗa dawakin gari duka, amma ba duka ke haukacewa ba. A nan maganar ƙoshi ta shigo, kuma a nan nake so ka fi mayar da hankali, don yawancin dawakin da aka kira ni a kansu da wannan ƙorafi, a barga na samu matsalar ba a kan hanya ba.

Doki in an sake shi yakan yi awa 14 zuwa 16 a rana yana kiwo, yana tafiya a hankali kai a ƙasa. Cikinsa ƙarami ne idan aka kwatanta da girmansa, lita 8 zuwa 15, kuma yana zubo ruwan tsami na narkar da abinci dare da rana, ko da abinci ko babu. An gina shi ne don ci kaɗan-kaɗan ba yankewa. Mu kuma yaya muke yi? Muna ɗaure shi a turke wuni da kwana, mu zuba masa dawa ko gero kwano guda safe da yamma don ya yi ƙiba ya yi sheƙi, mu ba shi ɗan harawar da zai gama cikin awa ɗaya, sannan a fito da shi kilisa ranar Juma'a ko Lahadi kawai. Da rani ya yi, ciyawa ta yi tsada, sai a ƙara rage ta a ƙara hatsi. Doki irin wannan tukunya ce da ta riga ta tafasa, iska murfin kawai ta ɗaga. An gwada wannan a bincike: dawakin da ake ciyarwa da hatsi mai yawa sun fi saurin razana, bugun zuciyarsu ya fi tashi in sun ga baƙon abu, a kan waɗanda abincinsu ya fi yawa a ciyawa. Ga kuma gyambon ciki, wanda yawan hatsi da daɗewa ciki babu ciyawa ke jawowa, kuma doki mai gyambon ciki ba ya da haƙuri.

Ga lissafin da za ka yi aiki da shi. Dokinmu na gida yakan kai kilo 300 zuwa 350. Yana buƙatar busasshiyar ciyawa da harawa aƙalla kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa kowace rana, wato kilo 5 ko fiye, kuma a raba ta yadda ba zai wuce awa huɗu ko biyar bakinsa ba ya tauna ba, har da dare. Hatsi kuwa, ga doki mai wannan nauyi, rabin kilo zuwa kilo guda a zubi ɗaya shi ne iyaka, alhali kwanon awo na kasuwa yakan ɗauki kilo biyu ko fiye. Ranar da ba zai yi aiki ba a rage masa hatsin sosai. Kada a sauya abincin dare ɗaya, a yi shi a hankali cikin kwana 7 zuwa 10, don sauyin gaggawa yana kawo ciwon ciki. Ruwa kuma ya kasance a gabansa kullum. A zaune kawai yana buƙatar wajen lita 5 ga kowane kilo 100 na nauyinsa, mai cin busasshen abinci ko mai aiki ya fi haka nesa. Da sanyi dawaki sukan rage sha, shi ya sa ƙullewar ciki ke yawa a wannan lokaci. Na san raguwar hatsi tana yi wa masu doki ciwo, don kowa yana son a ga dokinsa ɓul-ɓul ranar hawa. Amma sheƙin fata daga wadatar ciyawa da tsafta da maganin tsutsa yake zuwa, kuma dokin da ya ƙoshi da harawa ya fi daɗin zama a ƙarƙashin mutum.

Sai motsi. Doki ya fita kullum, ko da jan sa za a yi da igiya na rabin awa. In kana da fili mai katanga, a sake shi ya yi birgima ya yi tutsunsa shi kaɗai. Tutsun da bai yi a fili ba, a ƙarƙashinka zai yi shi. Ka kuma duba wurin da yake kwana. Doki a sake, in iska ta taso, baya yake juya mata. In an ɗaure shi ta yadda dole fuskarsa ta kalli arewa maso gabas, wuni zai yi cikin takura. A yi masa kariya ta wannan gefen da zana ko gini, a bar masa inda zai riƙa hango waje, domin dokin da ke jin ƙara bai ga mai yin ta ba ya fi shiga damuwa. A bi kwanon rufin a buga masa ƙusa. Wani dokin kwana yake yana zabura saboda falle ɗaya na kwano, gari ya waye a gajiye a tsorace, sannan a ɗora masa sirdi.

Yanzu kuma kai, Alhaji, ka yi mini haƙuri. Tun ranar da ya kusa kayar da kai, duk lokacin da ka ji iska a fuskarka jikinka yana shiri, kuma dokin yana ji. A ƙasar Suwidin an yi wani gwaji da aka wallafa a 2009. An sa mutane su ja doki ko su hau shi su wuce wani wuri sau huɗu, aka gaya musu cewa a karo na huɗu za a buɗe lema ba zato. Ba a buɗe lemar ba. Amma a wannan karo na huɗu bugun zuciyar mutanen ya tashi, na dawakin ma ya tashi, alhali su dawakin ba wanda ya gaya musu komai. Daga hannu da cinya da numfashin mutum suka ɗauka. Mahayin da ya hango leda ya riƙe numfashi, ya matse ƙafa, ya tattare kamazuru, ya riga ya shaida wa dokinsa cewa lallai akwai abin tsoro.

Linzaminmu na gargajiya kuma ba abin wasa ba ne. An ƙera shi don zamiya da tsayawa nan take a filin hawa, yana danna dasashi yana matse haɓa. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa. A hannun wanda ya firgita, azaba ce. Doki mai tsoro in ka fizge shi da hannu biyu, ka toshe masa gaba, ƙafarka kuma ta matse shi, ba shi da hanya sai sama. An taɓa kirana wani gida inda tampol ya tashi a gaban wani matashi, ya ja linzami da dukkan ƙarfinsa, dokin ya miƙe tsaye ya faɗo da baya a kansa. Yaron ya karye a ƙugu, dokin ya tsage a baki, har yau kuma in na tuna abin yana damuna, don dokin lafiyayye ne mai hankali, yaron ma ba mugu ba ne, ba a koya masa ba ne kawai.

Wannan ne dalilin da ya sa bulala ba ta da wuri a nan. Zuciyar doki a kwance tana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti; in ya razana, nan da nan take haura 100. A wannan hali ba ya koyon darasi, yana ajiye tsoro ne. Ya ga leda, ya ji zafi a jikinsa, abin da zai riƙe shi ne leda tana da zafi. Gobe tun daga nesa zai fara. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, kai kuma da hannunka ka mayar masa da tsumman maciji. Haka ƙaimi.

Ranar da ake iska kuma dole ka fita, ga yadda nake yi. Iskar hunturu takan fi ƙarfi da hantsi ta lafa wajen la'asar, don haka ina jinkirta hawa zuwa yamma in da hali. Kafin sirdi, ina ba shi harawa ya ci, sannan in zagaya shi a doguwar igiya minti goma ko goma sha biyar, hagu da dama, har in ga ya sauke kai ya fara tauna baki yana furzar da numfashi a hankali. Ina sa kaya masu kama jiki, da hular kwano, da takalmin da ba zai maƙale a likkafa ba. Ina duba majanyin da ke ɗaure sirdi sau biyu. Ina guje wa bakin titi, don zaburar taku uku a gona ba komai ba ce, a gaban tifa kuwa ajali ce. In ina bisa na ji ya fara ɗaurewa, ina ba shi aiki: juya nan, zagaya can, tsaya, ci gaba, har kunnensa ɗaya ya dawo wajena. Doki mai tsoro tsayuwa cik ta fi masa wuya a kan tafiya, don haka ina barin ƙafarsa ta motsa amma ni nake zaɓar inda za ta. In ya ga abin tsoro ina ba shi dama ya juya ya kalle shi da idanu biyu daga nesa, sannan mu wuce a karkace da tazara. In ya kwasa da gudu, ina zama daram in karkata shi ya yi da'ira mai faɗi, ina ja ina saki. In kuma na ga abin ya fi ƙarfi, ina sauka in ja shi. Babu abin kunya a wannan, manyan mahaya suna yi.

Kada ka fita kai kaɗai in kana da abokin da ke da tsohon doki mai sanyin hali. A Denmak an gwada wannan a 2008, aka ga ƙananan dawakin da aka nuna wa abin tsoro tare da doki natsattse sun fi waɗanda aka haɗa da wanda bai saba ba kwanciyar hankali, kuma natsuwar ta bi su har lokacin da aka gwada su su kaɗai. Mutanen barga sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ake haɗa dukushi da tsoho.

Gyara na dindindin shi ne sabo, kuma ana yin sa ne ranar da babu iska. Ka tuna dawakin hawan sallah a Kano da Katsina da Zazzau: 'yan bindiga suna harbi, ga kakaki ga tambura ga dubban mutane, wasu dawakin ko gezau. Ba a haife su haka ba, sabawa suka yi. Leda ba ta fi bindiga ba. Ka ɗaura leda a kan sanda, wani ya riƙe dokin da ragama da igiya mai tsawo, a sake ba a turke ba. Ka tsaya nesa, inda zai kalle ta bai gudu ba. Ka motsa ta kaɗan. Da zarar ya tsaya ya sassauta, ka sauke ta ka ja da baya. Wannan saukewar ita ce ladansa, da ita yake gane cewa natsuwa ke kawar da abin. Wata dabara mai kyau ita ce mutum ya riƙa tafiya gaba da ledar, dokin yana bin sa a baya, don abin da ke gudunka ba ya cinye ka. Minti goma a rana ya isa. A yi ta gefen hagu, a sake yi ta gefen dama daga farko. Daga leda a koma tampol, lema, tuta, sannan babbar riga a kan sirdi. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne a ɗaure doki tamau a rataya masa ledoji a bar shi ya yi ta fizga har ya gaji. Wannan shirun da zai yi ba natsuwa ba ce, sarewa ce, kuma wata rana zai fashe.

Tunda ka ce shekara biyu yana hannunka, ka tambayi kanka ko hunturun bara ya yi haka. In bai yi ba, a kira likitan dabbobi ya duba shi kafin a ɗora wa iska laifin duka. A fara da ido: hawaye, runtsewa, kumburi ko farin tabo a kan ƙwayar ido. Ƙura da tsinken harawa suna yi wa ido rauni, doki mai gani dishi-dishi da ido ɗaya kuma ta wannan gefen yake yawan zabura. Ciwon ido a doki ba ya jiran gobe, kuma kada a ɗiga masa maganin mutane ba tare da an duba ba, wani yana ƙara lalata raunin. A leƙa kunne saboda kaska. A duba turamen haƙora ko sun yi kaifi suna yankar kunci, a shafa gadon baya ko sirdi ya yi masa ciwo. Akwai kuma wata lalura ta jijiyar fuska da iska ko hasken rana ke tayarwa, inda doki ke fizgar kai sama da ƙasa kamar ƙuda ya shige masa hanci, yana goga hancin a ƙafa. Wasu sukan samu sauƙi in an sa musu raga a kan hanci. Wanda ba a wasa da shi: in ka ga yana zabura da ƙaramar ƙara, jikinsa a sandare, wutsiya a ɗage, ba ya iya tauna, farar fatar kusurwar ido tana rufo idon, wannan alamar tetanus ce, wato ciwon sandarewar jiki, a nemi likita a daren. In kuma halinsa ya juye gaba ɗaya bayan cizon kare, kowa ya nisanci bakinsa har likita ya zo.

Za a ba ka shawarar allurar kwantar da hankali. Kada ka yarda a yi wa doki ita sannan a hau shi. Tana kashe masa ƙafa ya yi tuntuɓe, tsoron kuma yana nan, yana iya zabura ko harbi a cikin mayen. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi amfani da su, asifuromazin, tana iya sa gaban ingarma ya sauko ya ƙi komawa, wani lokaci lahanin ya zama na har abada, dawakinmu kuwa kusan duka ba dandaƙaƙƙu ba ne.

In kana cikin masu hawan sallah, wannan horon zai ƙara yi maka amfani nan gaba. Watannin Musulunci suna matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara: ƙaramar sallar 2026 a watan Maris take, ta 2030 kuma a farkon Fabrairu, cikin hunturu sosai. Hawa cikin iska da ƙura, da manyan riguna da tutoci da lema, zai zama abin da za a yi ta yi shekaru a jere. Kafin nan ma akwai guguwar farkon damina, wadda ta fi ta hunturu zuwa ba sallama; in ka ga gabas ta haɗe ta yi ja, ka juya gida tun iskar ba ta iso ba.

Game da ɗanka, kada a raba shi da dokin. Ya riƙa zuba masa harawa, ya riƙa shafa shi, ya tsaya kusa da kai lokacin horon leda ya koyi karanta kunne da wuya da numfashi. Bayan mako uku ko huɗu da gyaran abinci da fita kullum, in ka ga dokin yana wuce tampol mai kaɗawa kai a ƙasa, sai yaron ya koma hawa, da yamma, cikin fili mai katanga, da hular kwano, kai kuma kana riƙe da igiya.